Alkawari da mutanen ɓoye a wasan Dungeons & Dragons: me dokar ta ce?

Masu zama kan wannan wasa, wanda kowane ɗan wasa ke jan jaruminsa a cikin labari, sun san inda gardama ke ɓarkewa: ɗan wasa ya ƙulla alkawari da wata sarauniyar mutanen ɓoye, ya karɓi abin da yake so, ranar biya ta zo ya ce ai ba haka yake nufi ba. Wasan ya fito ne a Amurka a 1974, bugu na biyar kuma a 2014, shi ne zan bi a nan. Tun da wuri a sani, jarumin cikin labari ne ke ɗaukar alkawarin. Wanda ke zaune kan tabarma bai rantse da komai ba, tatsuniya ce ake yi da ɗan lido.

Abin da aka rubuta dalla-dalla a dokar wasan da ya yi kama da irin wannan alkawari shi ne sihirin Geas. Mai yin sa yana ɗora wa wani umarni daga nisan da bai wuce ƙafa 60 ba, wanda aka ɗora wa ya jefa ɗan lido mai fuska 20 don ya kuɓuta. In bai kuɓuta ba, umarnin ya hau kansa kwana 30. Duk ranar da ya saɓa kai tsaye, sai a jefa mai fuska goma sau biyar a zabtare masa lafiya, wato tsakanin maki 5 zuwa 50, amma sau ɗaya tak a rana. Ga ƙaramin jarumi wannan kaɗai ya isa kabari. Ba a umartar mutum ya hallaka kansa, in an yi haka sihirin ya warware. Wanda bai fahimci maganar ba, bai kamu ba. In an yi shi a matakin ƙarfin sihiri na 7 ko na 8, umarnin ya kai shekara, a na 9 sai an kwance shi da sihirin cire la'ana ko makamancinsa.

Sauran duk yana hannun mai jan wasa, wato wanda ke ba da labarin yana kuma yanke hukunci. Mutanen ɓoye a irin waɗannan labarai suna riƙe lafazi ne, ba ruwansu da niyya. A ce jaruminka ya ɓata a daji, sarauniya ta ce za ta nuna masa hanya in ya ba ta rana ɗaya daga rayuwarsa. Ya ce na yarda. Bai tambayi wace rana ba. Sai ranar ɗaurin aurensa, jama'a sun cika ƙofar gida, an raba goro, ga manzonta ya iso. Magana zarar bunu.

A ganina mai jan wasa yana da ikon yin haka, amma da sharaɗi. Ya furta alkawarin a fili, a rubuta shi a takarda kalma da kalma, ya kuma faɗi cewa karyawa na da hukunci kafin ɗan wasa ya amsa. Tarkon da ke cikin rubutun halal ne a wasa. Wanda aka ƙirƙiro daga baya don a ƙuntata wa wani, wannan zalunci ne, kuma shi ke watsa zama.

Sai mai sihirin da ƙarfinsa ya fito daga wani babban ubangida cikin mutanen ɓoye. Dokar ba ta ce a ƙwace masa sihirinsa in ya yi tawaye ba. In mai jan wasa yana son hakan, ya sanar tun ranar da ake tsara jarumai.