Tsohuwar mota mai fositif a bodi: tambayoyin da ake yawan yi a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi

Wai me ake nufi da fositif at da negetif at?

Batir kai biyu gare shi, fositif (+) da negetif (-), ɗaya ana ɗaure shi a jikin ƙarfen mota don wuta ta samu hanyar komawa, shi ne at ɗin. Motocin yanzu negetif ke bodi. Amma tsofaffin motocin Ingila masu kayan wutar kamfanin Lucas, su Morris Minor da Austin, fositif ne a bodi har cikin shekarun 1960, Land Rover ma sai 1967 ta canza. Ford ta Amurka kuwa tun 1956 ta koma negetif da batir mai volt 12.

To masta, ya zan gane tawa?

Buɗe bonet ka bi wayar nan mai kauri gajera da ta tashi daga batir ta ƙare a bodi ko inji, ka duba kan da ta fito, + ne ko -. Kar ka yarda da kalar waya, motar da ta wuce hannun makanikai goma a Kumasi ja da baƙi ba su da ma'ana a jikinta wallahi.

In na juya batir me zai faru?

Sitata ba ruwanta, gefe ɗaya take juyawa ko yaya ka haɗa, fitilu ma haka. Wahalar tana wajen rediyo da alteneta da duk abin da ke da dayod ko taransisto a ciki, nan take za ka ji ƙauri, kuɗi sun tafi.

Ana iya mayar da ita negetif?

Sosai ma, ni shawarata kenan in dai hawa za ka riƙa yi kana cajin waya. Ka juya batir, ka musanya wayoyi biyu na koyil da na amita, wato agogon caji, sannan dinamo mai cajin batir, ka cire ƙaramar wayar da ke kansa mai alamar F ka ɗauko waya daga fositif ka ɗan taɓa kan F ɗin sau biyu uku ya yi tartsatsi, shi ke nan maganaɗisun ya juya. Famfon fetur na lantarki da agogon juyin inji a duba su daban.

Jan wuta daga wata mota fa?

Fositif da fositif, negetif da negetif, volt ɗinsu ya zama ɗaya, kuma bodin motocin biyu kar su taɓa juna ko da bamba ce.