Matuƙin jirgin saman soja: sharuɗɗan shiga da horo

Matuƙin jirgin saman soja shi ne sojan da rundunarsa ta horar kuma ta amince masa ya tuƙa jiragenta, ko na yaƙi ne, ko na dakon kaya da dakaru, ko na leƙen asiri, ko masu saukar ungulu. Rundunar sojin sama ce aka fi sani da wannan aiki, amma sojojin ruwa da na ƙasa a ƙasashe da dama suna da nasu jiragen da matuƙansu. Aikin ya samo asali ne tun 1911, lokacin da Italiya ta yi amfani da jirgin sama a yaƙinta da Daular Usmaniyya a Libiya. Daga wancan lokaci zuwa yau sharuɗɗan shiga sun yi ta ƙaruwa, kuma kusan kowanne yana da dalili a bayansa: ko dai yanayin jirgin ne ya tilasta shi, ko kuwa tsadar horon.

Hafsa tukuna, sannan matuƙi

A yawancin rundunonin duniya ba a ɗaukar mutum a matsayin matuƙi kai tsaye. Sai ya fara zama hafsa, ya sha horon soja irin na kowa, ya koyi jagorancin mutane, kafin a bari ya kusanci jirgi. Don haka sharaɗin farko shi ne zama ɗan ƙasa, ba tare da tabon aikata laifi ko shan ƙwaya ba, domin zai riƙe sirrin ƙasa da makamanta.

Batun karatu kuwa ya bambanta. Rundunar sojin saman Amurka ba ta ba mutum muƙamin hafsa sai da digiri na farko, amma ba ta ƙayyade fanni ba, mai digirin tarihi na iya tuƙa jirgin yaƙi kamar yadda injiniya zai iya. Hanyoyin shiga uku ne: kwalejin rundunar da ke Colorado Springs, ko shirin horon hafsoshi da ake yi a cikin jami'o'i, ko makarantar hafsoshi ta ɗan gajeren lokaci ga wanda ya riga ya gama jami'a. Birtaniya ba ta wajabta digiri ba, kyakkyawan sakamakon sakandare ya isa a nemi shiga kwalejin hafsoshin sojin sama ta Cranwell. Sojojin ƙasa na Amurka ma suna da wata ƙofa da mai shaidar sakandare kan bi ya zama matuƙin jirgi mai saukar ungulu, da wani muƙami na musamman da ke tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji. A Yaƙin Duniya na Biyu sajan-sajan da yawa ne suka tuƙa jiragen yaƙin Birtaniya.

Akwai kuma iyakar shekaru. A rundunar sojin saman Amurka ana so mutum ya fara horon tuƙi kafin ya cika 33, wasu ƙasashen kuwa sukan rufe ƙofar tun mutum bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Dalilin bai tsaya ga ƙarfin jiki kaɗai ba. Runduna na so ta ci moriyar matuƙin shekaru masu yawa bayan ta kashe masa kuɗi.

Gwajin lafiya da awon jiki

Nan ne mafi yawan masu sha'awa kan faɗi. Likitocin sojin sama na duba zuciya, huhu, kunne, ƙashin baya da tarihin lafiyar mutum tun yana yaro. Farfaɗiya, asma, suma ba gaira ba dalili, da ciwon sukari, duk kan hana. Abin da ake gudu shi ne duk wata larura da za ta iya kama mutum farat ɗaya alhali shi kaɗai ne a cikin jirgi.

Ido ya fi komai jan magana. Mutane da yawa sun ɗauka wanda ya taɓa sa tabarau ya gama, amma abin ya sassauta a wasu rundunoni. Amurka, alal misali, tana karɓar wanda aka yi wa tiyatar gyaran ido da hasken leza muddin ya warke sarai, kuma tana yarda da ɗan raunin gani idan tabarau na gyara shi. Abin da ba a cika ɗaga ƙafa a kansa ba shi ne rarrabe launuka. Fitilun filin sauka, alamomin gargaɗi a cikin jirgi da zanen taswira duk da launi suke magana, kuma a gefen hagu na kowane jirgi jar fitila ce, a dama kuma koriya, ta haka ake gane inda ya dosa cikin dare. Wanda ja da kore ke rikita shi ba zai iya karanta wannan ba.

Awon jiki shi ma ba don kyan gani ake yin sa ba. An ƙera mazaunin matuƙi ne da wani ma'auni, dole ƙafa ta kai matakan juya jirgi, hannu ya kai maɓallai, ido ya hango waje ta saman allon na'urori. Shi ya sa ake auna tsawon mutum a zaune da tsawon cinyarsa, ba tsayinsa a tsaye kaɗai ba. Jirgin yaƙi na da kujera mai cilla matuƙi waje da ƙarfin roka idan jirgin zai faɗi, daga nan laimar sauka ta buɗe. Mai doguwar cinya na iya bugun gwiwa yayin fita, mai ƙaramin nauyi kuma ƙarfin cillawar na iya ji masa rauni a wuya. A 2015 an hana matuƙan da nauyinsu bai kai kilo 62 ba tuƙa jirgin F-35 saboda wannan, sai a 2017 aka ɗage hanin bayan gyara kujerar da hular kwanon. Rundunar sojin saman Amurka ta daɗe tana buƙatar tsayi tsakanin santimita 163 da 196, amma a 2020 ta soke wannan ƙa'ida, ta koma auna kowa da irin jirgin da zai iya shiga, domin tsohuwar ƙa'idar na tare mata da yawa tun daga bakin ƙofa.

Jarrabawar basira

Lafiya ba ta nuna ko mutum zai iya koyon tuƙi, don haka ake da jarrabawa ta daban, galibi a kan kwamfuta. Ana gwada lissafin ka cikin sauri, da gane matsayin abu a sarari idan an juya shi, da haɗin kan ido da hannu da ƙafa, da iya kula da abubuwa uku ko huɗu lokaci guda ba tare da sakin ko ɗaya ba. Indiya ta fi tsanantawa a nan: gwajinta na zaɓen matuƙa sau ɗaya ake yin sa a rayuwa, wanda ya faɗi ba ya sake nema. Bayan haka sai zama gaban kwamitin hafsoshi, inda ake duba natsuwa da yadda mutum ke karɓar gyara.

Horon tuƙi

Wanda ya tsallake waɗannan duka, yanzu ne ma ya fara. Horon kan soma a aji, da darussan yanayin sama, injina, dokokin sararin samaniya da matakan gaggawa waɗanda ake haddacewa har su zama jiki. Daga nan sai na'urar kwaikwayon tuƙi, sannan ƙaramin jirgi mai farfela tare da malami, har ranar da ɗalibi zai tashi shi kaɗai. A Amurka ana farawa da jirgin horo T-6 Texan II, waɗanda aka zaɓa wa jiragen yaƙi su wuce jirgin T-38 Talon. A Birtaniya masu jiragen yaƙi kan je sansanin Valley su koyi tuƙa jirgin horo Hawk, masu koyon jirage masu saukar ungulu kuma su tafi sansanin Shawbury. Ɗalibi na faɗin irin jirgin da yake so, amma makinsa da buƙatar runduna ne ke yanke hukunci, kuma ana iya sallamar mutum a kowane mataki.

Ana kuma koya wa jiki abin da bai saba ba. Idan jirgi irin F-16 ya yi kwana mai tsanani, nauyin matuƙi kan ninka har sau 9, jini ya gangara ƙafafu, gani ya dusashe, mutum ya sume idan bai ɗauki mataki ba. Maganin shi ne wando na musamman mai kumbura ya matse cinya da ciki, tare da wata dabara ta ɗaure tsokoki da jan numfashi a taƙaice, wadda ake gwadawa a cikin wata na'ura mai juya mutum da gudu. Akwai kuma ɗakin da ake rage iska domin ɗalibi ya san alamun ƙarancin oksijin a jikinsa kafin ya gamu da su a sama. Darasi mafi wuyar karɓa shi ne cewa cikin gajimare ko duhu, kunnen ciki na yaudarar mutum ya ji jirgin a miƙe yake alhali ya karkata. Dole matuƙi ya gaskata na'urorinsa ya ƙaryata jikinsa, kuma rashin yin haka ya hallaka ƙwararru da dama.

Bayan kammalawa ana maƙala wa matuƙi alamar fukafukai a ƙirji, sannan ya tafi koyon ainihin jirgin da zai yi aiki da shi, tare da horon tsira da rai a daji ko a ruwa idan aka harbo shi. Wani bincike na RAND, wata cibiyar bincike ta Amurka, a 2019 ya ƙiyasta kuɗin horar da matuƙin F-16 guda da kusan dala miliyan 5.6, na F-22 kuwa dala miliyan 10.9. Wannan ne ya sa rundunar sojin saman Amurka ke ɗaure matuƙi da alƙawarin yi mata aiki na shekara 10 bayan horo, tun da kamfanonin jiragen fasinja a shirye suke su ɗauke shi da albashi mai tsoka.

Mata a aikin

Sabiha Gökçen ta Turkiyya ta tuƙa jirgi a fagen daga tun 1937, amma yawancin ƙasashe sun jinkirta sosai. Amurka ta buɗe wa mata jiragen yaƙi a 1993, Jeannie Leavitt ce ta fara. Indiya ta yaye matanta uku na farko a wannan fanni a 2016, Najeriya kuma ta maƙala wa Kafayat Sanni fukafukan matuƙiyar jirgin yaƙi a 2019.