Gift Aid da rangwamen haraji ga masu biyan kashi 40 a Birtaniya

Gift Aid tsari ne da gwamnatin Birtaniya ta ɓullo da shi a 1990, lokacin John Major na ministan kuɗi, wanda ke ba ƙungiyoyin agaji damar karɓo harajin da mai bayarwa ya riga ya biya kan kuɗin da ya ba su. Da farko sai kyautar ta kai fam 600, a 2000 aka soke wannan sharaɗin, yanzu ko fam ɗaya ce ta shiga.

In mutum ya ba da fam 100 ya cike takardar amincewa, hukumar haraji HMRC za ta ƙara wa ƙungiyar fam 25, ya zama 125 kenan. To amma harajin kashi 20 na fam 125 ɗin kaɗai ƙungiyar ta karɓo, shi kuwa wanda samunsa ya haura fam 50,270 a shekara kashi 40 ake cire masa a kan abin da ya haura ɗin, don haka ragowar kashi 20 na fam 125, wato fam 25, nasa ne, sai dai fa ba a kawo wa kowa har gida, sai ya nema. Mai biyan kashi 45 fam 31.25 zai samu. Scotland nasu lissafin daban ne.

Ana nema ta fom ɗin Self Assessment, wanda mutum ke bayyana wa HMRC samunsa na shekara a ciki, ma'aikacin da ba ya cike shi kuma ya tuntuɓi HMRC su gyara masa lambar harajinsa, wadda ke nuna nawa za a riƙa cirewa a albashinsa. Wanda ya sha'afa yana iya waiwayar shekara 4 baya, shi ya sa ajiye rasit ke da rana.

Inda tsarin ya fi tsoka shi ne ga mai samun sama da fam 100,000, domin daga nan ake fara zaftare kason fam 12,570 na samunsa da ba a ɗora wa haraji, kyautar kuwa tana rage adadin samun da ake lissafa masa, sai wani ɓangare na kason ya dawo.

Dole harajin da mutum ya biya a shekarar ya kai abin da ƙungiyoyin suka karɓo, in bai kai ba shi zai cike giɓin. Zakka ko sadaka ga masallaci mai rajistar agaji a Birtaniya tana shiga, kuɗin da aka tura wa dangi Kano ko Damagaram kam, komai yawan ladansa, HMRC ba ruwanta da shi.