Noma da abinci a Gana: sauye-sauye da aikin bincike

Noma na samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na arzikin Gana, kuma wajen mutum ɗaya cikin uku na masu neman na kansu da gona ya dogara. Kudu ƙasar koko ce da rogo da agade. Arewa kuwa masara da dawa da gero da gyaɗa da doya ake nomawa.

Cimar birni

Babban sauyin daga bakin tukunya ya faro. A ƙidayar 2010 mazauna birane suka haura rabin al'ummar ƙasar, a ta 2021 suka kai kashi 56.7 cikin ɗari. Ɗan birni yana son abin da zai dahu da wuri, gonakin ƙasar kuwa ba su bi wannan buƙata da sauri ba. A leƙa tukunyar mai tallan wake da shinkafa a unguwar Nima ta Akra ko Aboabo ta Kumasi: sau da yawa shinkafar daga Biyetnam ko Tailan take, kazar daskararriya ce da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema, tumatirin na Burkina Faso, albasar ta Nijar.

Cinikin albasa ya daɗe a hannun mutanen zango. Manyan motoci ke ɗauko ta daga yankin Galmi na Nijar zuwa Kumasi da Akra. A Akra, a 2021 aka tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie zuwa ta Adjen Kotoku. Da darajar sidi, kuɗin Gana, ta faɗi a 2022, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, aka ga illar dogaro da abincin waje a fili.

Koko

Gana ce ta biyu a duniya wajen noman koko, bayan Kwaddibuwa. A kakar 2020/21 ta girbe sama da tan miliyan ɗaya, amma zuwa 2023/24 amfanin ya koma wajen rabin haka. Cutar kumburin reshe, tsufan itatuwa, rikicewar damina da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba da ake kira galamse, mai cinye gonaki da ɓata koguna, duk suna da hannu a ciki. Ita cutar kumburin reshen ce ta sa aka kafa tashar binciken koko a Tafo tun 1938, har yau kuma maganinta bai wuce a sare itacen a dasa sabo ba.

Bincike da karatu

Yawancin binciken noma yana ƙarƙashin CSIR, majalisar binciken kimiyya da masana'antu ta ƙasar. Cibiyar amfanin gona tana Fumesua, ta nazarin ƙasar noma tana Kwadaso, duk a yankin Kumasi, SARI, cibiyar binciken noman yankin arewa, kuma tana Nyankpala kusa da Tamale. Wajen fitar da iri sun yi abin a yaba. Masarar Obatanpa, mai ingantaccen furotin, ta fito a 1992 ta kuma bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka. A 2024 SARI ta fitar da waken Songotra-T mai jure tsutsar kwanso, iri na farko da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a ƙasar, kuma muhawara a kansa ba ta lafa ba. Cibiyar inganta amfanin gona ta Afirka ta Yamma (WACCI) da ke Jami'ar Gana a Legon tana horar da masu digirin digirgir kan inganta iri tun 2007.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan girbi. Tumatir na ruɓewa a kwando alhali masana'antar sarrafa tumatir ta Pwalugu da ke arewacin ƙasar na rufe. Masara da gyaɗar da ba su bushe sosai ba kan yi funfuna, su kamu da gubar afalatoksin. Shirin gwamnati na 2017 na noma don abinci da aikin yi ya fi karkata ga tallafin taki da iri, sito da sarrafawa suka zo a baya. Saboda haka ake son manhajar jami'o'i irin su jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi (KNUST) da kwalejin noma ta Kwadaso ta ƙara ƙarfi kan adana amfani, sarrafa shi, noman rani da sanin kasuwa. Dillali da ɗan dako da mai sito ne suka fi kowa sanin inda kaya ke lalacewa, amma ba kasafai ake neman bakinsu ba idan ana tsara bincike. Jami'ar nazarin ci gaba (UDS), wadda aka kafa a Tamale a 1992, ita kan tura ɗalibanta ƙauyuka su zauna da manoma a zango na uku na shekarar karatu.