Gaɓar Sanriku ta Japan: Me ya sa ba su gudu daga teku ba?

Ina ne Sanriku?

Gaɓar teku ce a arewa maso gabashin tsibirin Honshu, mai fuskantar tekun Pasifik, ta ratsa jihohin Aomori da Iwate da Miyagi. A kudancinta duwatsu ne suka gangaro har bakin ruwa, teku kuma ya kutsa cikin kwaruruka. Kusan kowane lungu da ƙauyen masunta a ƙuryarsa.

Me ya riƙe mutane a wurin?

Kifi. A gabansu ne ruwan sanyi na Oyashio yake haɗuwa da ruwan ɗumi na Kuroshio, kifi kuwa yana son irin wannan mahaɗa. Garin Kesennuma da kamun kifi ya yi suna. A cikin lungunan kuma ana noman ciyawar teku da ake kira wakame, a jikin igiyoyin da aka miƙa cikin ruwa.

To, me ya sa ba a ambatonta sai da tsunami?

Lungunan da ke ciyar da su ne suke zame musu tarko. Tsunami, wato igiyar ruwan da girgizar ƙasa ke tayarwa a teku, kan shigo ta baki mai faɗi, ta matse kamar a cikin mazurari, sai ta yi sama. A 1896 ta halaka mutum kusan 22,000. Ta dawo a 1933. Ranar 11 ga Maris 2011, bayan girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.0, ta haye katangar tare ruwa ta garin Taro mai tsayin mita 10.

Wane darasi suka bar wa jikokinsu?

Wannan ne ya fi taɓa min zuciya. A ƙauyen Aneyoshi akwai wani dutse a gefen hanya, an sassaƙa gargaɗi a jikinsa: kada a gina gida ƙasa da nan. Mutanen ƙauyen sun bi maganar magabata, kuma a 2011 ruwan bai kai dutsen ba.

Sai kalmar nan tasu, *tsunami tendenko*: in ƙasa ta girgiza, kowa ya ruga tudu, kada ya koma neman kowa. Da farko sai ka ji kamar rashin tausayi ne. A'a, amana ce. Uwa ba za ta koma gida ba domin ta tabbata ɗanta ya riga ya gudu. A garin Kamaishi an daɗe ana koya wa yara haka a makaranta. Ranar da abin ya zo, manyan ɗalibai suka kama hannun ƙanana suka hau tudu, kusan duk ɗaliban garin, wajen 3,000, suka tsira.