Waiwaye: Ƴar zuciyar ɗakin gwaji da hukuncin Makka na 2003

Tun da bidiyon wata ƴar zuciya da masana suka raina a ɗakin gwaji ya fara yawo a wayoyi, daga Shara Mansur a Makka har Karantina a Jidda, maganar ta ƙi lafawa. Wani ɗan dunƙulen tsoka ne da bai wuce ƙwayar riɗi ba, yana cikin ruwan gwaji yana takurewa yana sakewa, ba wanda ya taɓa shi. Wasu na cewa an shiga hurumin Allah. Wasu kuma, musamman iyayen yaran da aka haifa da huji a zuciya, sun ɗauka an kusa fara dasa wa ƴaƴansu sabuwa. Kowane ɓangare na magana sai ka ce jiya aka fara.

Alhali an daɗe ana tafiya. A 1981 masana a Ingila suka ciro ƙwayoyin asali daga tayin ɓera, wato ƙwayoyin da kan iya rikiɗa su zama tsoka, jini ko jijiya. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya yi haka da tayin ɗan Adam, duniya ta ɗauki zafi. A 2007 Shinya Yamanaka na Kyoto ya mayar da ƙwayar fatar babban mutum ta koma ta asali, ya kuma samu kyautar Nobel a 2012. A 2021 ne ayarin Sasha Mendjan a Biyenna ya nuna waɗannan ƙwayoyi suna shirya kansu su yi ɗan rami irin ɗakin zuciya, har su buga.

Abin da ba a cika ambata ba kuwa a nan Saudiyya ya faru. A watan Disamba na 2003, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta zauna a Makka a zamanta na 17, ta ɗauki wannan mas'ala shekara huɗu kafin aikin Yamanaka a kan mutum. Malaman sun sa ido ne a kan tambaya guda: daga ina aka samo ƙwayar? Suka halatta samo ta, rainon ta da amfani da ita don magani ko bincike, muddin tushenta halal ne. Suka lissafa: babban mutum da ya ba da izini kuma ba za a cutar da shi ba; yaro idan waliyyinsa ya yarda saboda maslaha ta shari'a; mabiyiya da igiyar cibiya da yardar iyaye; cikin da ya ɓare da kansa ko aka fitar bisa larurar da shari'a ta yarda da ita; har ma da ragowar ƙwan da aka haɗa wa ma'aurata a asibitin neman haihuwa, idan su biyun sun bayar. Suka haramta cikin da aka zubar da gangan ba dalili, da haɗa ƙwan wata da maniyyin wani don bincike, da kwafin halitta ko da sunan magani ne.

A ganina nan gizo yake saƙa. Hukuncin yana nan da Larabci fiye da shekara ashirin, likitoci sun san shi, amma bai sauko majalisun unguwa da zaurukan WhatsApp ɗinmu da harshen da tsofaffinmu ke ji ba. Shi ya sa duk sabon bidiyo sai a koma tambayar da aka riga aka amsa, a bar wadda ta rage, wato ta haƙƙin wanda za a ɗauki ƙwayarsa.

Ga kuma buƙatar a fili. Kusan jariri ɗaya cikin ɗari ake haifa da tawaya a zuciya. Zuciyar tayi kan fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, kafin mata da yawa su tabbatar suna da juna biyu, kuma babu likitan da zai iya leƙa wannan lokaci. Ƴar zuciyar gwaji ta ba shi damar kallon yadda ɗakunan ke fitowa, da inda suke karkacewa idan akwai ciwon gado ko wani magani da uwa ta sha. Mu da auren zumunci ya yi yawa a cikinmu, nan da can gida, wannan ya shafe mu kai tsaye.

Sai dai wa iyayen da ke jira, gaskiya ɗaya ce: wannan abu ba ya harba jini zuwa jiki, ƙwayoyinsa irin na tayi ne da ba su ƙosa ba, kuma don nazari aka yi shi, ba don dashe ba. Ana iya yin sa daga ɗan jinin yaron da ke fama da ciwon. Idan an kai ga neman jinin ɗanka, kana da haƙƙin tambayar inda za a ajiye ƙwayoyin, tsawon wane lokaci, da wanda zai ga bayanan ƙwayoyin halittar gidanku kafin ka sa hannu.