Wai babbar moto ta tafiyar nisa ba ta iya shan kwana?

Tun da daɗewa ana faɗa a wajen masu gyaran moto nan Damagaram, wai waɗannan manyan motoci na tafiya mai nisa, irin FJR1300 mai nauyin kusan kilo 290, sai miƙaƙƙiyar hanya, da sun zo kwana nauyi zai kayar da su. Wanda ya taɓa tura irinta da hannu ba zai ga laifin mai wannan magana ba.

Amma kwanciyar da moto take yi a kwana, gudu da tsananin kwanar ne ke kawo ta, nauyi ba ya ciki, ƙaramar kabu-kabu da babbar in sun shiga kwana ɗaya da gudu ɗaya kusan daidai za su kwanta. Abin da ke tsayar da babbar shi ne matakin ƙafa da ke fara gogar kwalta, sai ingancin taya da iskar cikinta, sai kuma rairayin da iska ke zubawa bisa hanya, wannan kam ba ruwan shi da girman moto.

Kuma ba da jiki ake kwantar da ita ba. In ana cikin gudu, ka ɗan tura hannun dama gaba, moto ta kwanta dama, hagu ma haka. Ku gwada a fili marar cunkoso da gudun kilomita 30, da hular kwano, za ku ji da kanku.

Don Allah a tura ma 'yan uwa masu moto.